Ɗaurin Aure a Tsohuwar Abuja

Ɗaurin aure ne ya kai mu Suleja, ni da Kawu. Muka hau mota a Berger da sassafe, muka bi ta Kubwa da Dei-Dei. Hannunmu wayam, amma ɗaya hannun mai shiga birni ya cushe, duk mutanen da suka kwana a Suleja da Madalla ne ke sammakon zuwa neman abinci. Muna wuce Zuba Dutsen Zuma ya bayyana, wanda ke jikin takardar naira 100.

Kwandasta na ta kiran Suleja, Kawu ya ce, "Yaro, mu da muka tasa Abuja muke ce mata."

Da gaskiyarsa. Lokacin jihadi ne Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin a 1828. Shi ya sa har gobe sarautar Sarkin Zazzau ake kiranta, kuma Zazzagancin tsofaffin garin bai ɓace ba.

Bayan an shafa fatiha muka zaga ƙofar fada. Wani dogari da jan rawani yana zaune a inuwa, yana goge takalminsa da gefen riga. Kawu ya cire nasa takalmin tun daga nesa, ko da yake ba shiga za mu yi ba. A nan ya ɗauko mini labarin Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado a 1944 bayan Musa Angulu, ya yi mulki har 1979. Kafin sarauta malamin makaranta ne, ɗan Kwalejin Katsina. Abin da ya fi burge ni shi ne idonsa a kan sana'ar talakawansa. Tukwanen Ladi Kwali ya tara a gidansa, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, shi da ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950. A 1954 ta shiga makarantar, yau hotonta ne a bayan naira 20. Sarakuna nawa ne za su kalli tukunyar Bagwariya su ga abin ajiyewa?

Sai 1976, gwamnatin Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas. Aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar, aka haɗa har da sunan, garin kuma ya koma amsa sunan sarkinsa Sulaimanu. Sai a 1991 gwamnati ta tare, shi bai ga ranar ba.

Na ce, "Kawu, to me aka ba su?"

Ya nuna mini titin da muka biyo, ramuka da 'yan acaɓa da kwata a buɗe. Garin ya faɗa Jihar Neja, kuɗin birni ba ya tsallako iyaka, amma ma'aikatan da hayar Abuja ta kora duk nan suke kwana. Ni dai a ganina an yi wa Suleja rowa.

Sarkin yanzu, Muhammadu Awwal Ibrahim, shi ne gwamnan Neja daga 1979 zuwa 1983. Ba mu same shi ba, don Kawu ya matsa sai mun leƙa kasuwa ya saya wa Gwaggo tulu kafin la'asar.