Sunan Mamaci Kafin Adadinsa

Shekara biyu na yi a Accra ina aiki da wani rukuni da ya haɗa malaman jami'a da ma'aikatan agaji, muna tattara bayanan waɗanda suka rasu a rikice-rikicen arewacin Gana, musamman na Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi. Na shiga aikin da ilimin aji kawai. Na san cewa cibiyar Uppsala ta ƙasar Suwidin, mai tattara bayanan rikice-rikicen duniya, ba ta sanya rikici cikin lissafinta sai mutum 25 sun mutu a shekara, amma ban san yadda ake tabbatar da mutuwar mutum ɗaya ba.

Kuskurena na farko shi ne na ƙidaya mutum ɗaya sau uku, domin wata jarida ta rubuta sunansa Mahama, wata ta ce Mohammed, wanda ya kira mu ta waya kuma ya ce Mamman. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta gano, ta ce mini, "Ɗana, ka tambayi liman gawa nawa ya sallata a ranar." Na ce, "Hajiya, ai rajistar asibiti tana hannunmu." Sai ta tuna mini abin da duk ɗan Zango ya sani, wato Musulmi yakan binne mamacinsa a ranar da ya rasu, sau da yawa ba tare da gawar ta taka asibiti ba, don haka liman da masu wanka da masu haƙa kabari sun fi rajistar sanin wanda ya tafi.

Malaman jami'a ma ba su zo da hannu wofi ba, domin su suka koya mana gwada suna da rana da unguwa kafin a shigar da kowa, da raba abin da aka tabbatar da abin da aka ji a bakin mutane. Sukan kawo misalin Bosniya, inda aka daɗe ana cewa mutum 200,000 ne suka mutu a yaƙin 1992 zuwa 1995, har cibiyar Mirsad Tokača da ke Sarayebo ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da kimanin 97,000 a 2007.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne batun wallafawa. Malamai suna so a buga komai don wasu su iya dubawa, ma'aikatan agaji kuma sun ƙi, kuma a ganina su ne da gaskiya, domin jerin sunaye da ke nuna ƙabilar kowane mamaci zai iya zama takardar ramuwar gayya a garin da kowa ya san gidan kowa. Ƙa'idojin da ƙungiyar Every Casualty, mai aiki kan lissafa waɗanda suka mutu a rikici, ta fitar a 2016 ma sun sa kare masu ba da shaida a gaba. Daga ƙarshe muka amince a fitar da adadi da ranaku, sunayen kuma su zauna a kulle har iyalan su ba da izini.