Asabar da Dare: Dala Biyar ta Kawu da Gardamar Lincoln

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma gardamar da aka tafka a zaure bayan sallar La'asar ta hana ni kwanciya. Kawu ne ya zaro wata tsohuwar takardar dala biyar daga jakar fasfonsa, duk ta yi laushi kuma gefenta ɗaya ya ɗan yage, ya miƙa wa Auta ya ce ta faɗa masa hoton wane ne a jiki. Ta ƙura wa mutumin nan mai doguwar fuska da gemu babu gashin baki ido, ta ce Abraham Lincoln ne, shugaban Amurka na 16, wanda ya 'yanta bayi a shekarar 1863, kamar yadda aka koya musu a makaranta. Kawu ya ji daɗi har ya yi mata alkawarin tukuici, kuma da Yaya ya kama bakinsa da an tashi lafiya.

To, kun san Yaya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kawu, a yi mini afuwa, amma mutumin nan bai 'yanta kowa ba a ranar. Inda yake da iko ya bar bayi a hannun iyayengijinsu, inda ba shi da iko kuwa nan ya ce ya 'yanta su. Kyauta ya yi da akuyar da ba a turkensa take ba." Kawu ya tsuke fuska ya ce mu 'yan boko ba ma barin kowa da mutuncinsa, ko da ya shekara ɗari a kabari.

Abin da ya dame ni shi ne, maganar Yaya tana da ƙamshin gaskiya. Sanarwar 'yanta bayi da Lincoln ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairu, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Arewacin Amurka da jihohin Kudu da suka ɓalle, ta shafi yankunan da suka yi tawaye ne kawai. Jihohin Kentucky da Maryland da Delaware da Missouri, waɗanda suke da bayi amma ba su ɓalle ba, babu wanda ya taɓa su, domin yana tsoron kada su fusata su koma ɓangaren Kudu. Yaya ya kuma kawo wasiƙar nan da Lincoln ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley a watan Agusta na 1862, inda ya ce babban burinsa shi ne ceto tarayyar ƙasar, kuma da zai iya ceto ta ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba da ya yi hakan. A cikin watan nan dai Lincoln ya karɓi wakilan baƙaƙen fata a fadarsa, ya ba su shawarar su yi ƙaura su bar ƙasar da aka haife su a cikinta. Duk wannan ya faru, kuma ba na ganin amfanin ɓoye wa Auta shi.

Inda na rabu da Yaya shi ne wajen cewa sanarwar takardar banza ce. Na so in yi bayani, amma muryarsa ta fi tawa ƙarfi, don haka a nan zan faɗi nawa. Lokacin da Lincoln yake rubuta wa Greeley waccan wasiƙa, ya riga ya karanta wa ministocinsa daftarin sanarwar tun a watan Yuli, yana jiran sojojinsa su sami wata nasara ne don kada a ce kukan wanda ya sha kaye ne, kuma bayan gwabzawar Antietam a watan Satumba ya fito da ita fili. Tsarin mulki bai ba shugaban ƙasa ikon soke bauta a jihohi ba, don haka ya bi ta ƙofar da take buɗe masa, wato ikonsa na babban kwamandan askarawa a lokacin yaƙi. Daga ranar, duk inda sojan Arewa ya sa ƙafa a ƙasar Kudu, 'yanci ya isa wurin tare da shi. Sanarwar ta kuma buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja, har kimanin mutum 180,000 suka ɗauki bindiga, da yawansu tsofaffin bayi ne.

Sai dai a ganina, su Kawu da Yaya duk sun manta da mutanen da maganar ta fi shafa. Bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Afrilu na 1861, kuma ba su zauna suna jiran alƙalamin kowa ba. Tun a watan Mayu na shekarar wasu bayi uku suka tsere zuwa sansanin soja na Fort Monroe a Virginia, kwamandan wurin ya ƙi mayar da su, daga nan dubbai suka riƙa barin gonakin auduga da na taba suna bin sawunsu. Su ne suka tilasta wa gwamnati ta yanke hukunci a kan abin da take kauce wa. Abin yabo a wurin Lincoln shi ne mutum ne mai matsawa idan an tura shi, kuma idan ya matsa ba ya komawa baya. Bayan ya sake cin zaɓe a 1864, ya matsa wa majalisar wakilai lamba har ta amince da gyara na 13 na kundin tsarin mulki ranar 31 ga Janairu, 1865, da ƙuri'a 119 a kan 56. Wannan gyaran ne ya kashe bauta a ƙasar baki ɗaya, ciki har da Kentucky da Delaware, amma Lincoln bai ga tabbatarsa a watan Disamba ba, domin John Wilkes Booth ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford ranar 14 ga Afrilu, kwana uku bayan jawabin da Lincoln ya goyi bayan a ba wasu baƙaƙen fata damar jefa ƙuri'a. Ya cika washegari da safe.

Kawu ne ya rufe bakin kowa. Ya ce kafin mu auna mutumin wata ƙasa da mudu, mu tuna cewa a nan Arewacin Nijeriya ba a haramta bauta ɗungurungum a doka ba sai a 1936, kuma shi ya tashi ya tarar da tsofaffin da kowa ya san asalinsu amma ba a faɗa a gabansu. Zaure ya yi tsit. Aka kira Magariba, kowa ya nemi buta.

Akwai abin da ban faɗa musu ba, kuma shi ne yake ta cin raina. Lokacin da aka soke bauta a birnin Washington a watan Afrilu na 1862, da sa hannun Lincoln, iyayengiji aka biya diyya, har dala 300 a kan kowane bawa, su kuwa waɗanda suka yi aikin shekara da shekaru ba a biya su ladan guminsu ba. Filayen da Janar Sherman na rundunar Arewa ya fara raba wa 'yantattun bayi a farkon 1865, hekta kusan 16 ga kowane iyali, Andrew Johnson da ya gaji Lincoln ya sa aka ƙwace akasarinsu aka mayar wa tsofaffin masu su kafin shekarar ta ƙare. Ƙuri'ar da Lincoln ya fara magana a kanta kuwa, jikokin waɗannan bayi a jihohin Kudu ba su sami jefa ta cikin kwanciyar hankali ba sai bayan dokar zaɓe ta 1965.