Sayen kaya da kula da kwangila a hukumar leƙen asiri: yadda na tarar da aikin

Yawancin abin da na saya wa hukumar leƙen asirin da na yi wa aiki tayoyin mota ne, da man janareta, da takardar rubutu, da kujerun ofis, da kwangilar gyaran rufin da damina ta yi wa ta'adi. Matasan da ke tambayata game da wannan aiki sukan zo da hoton finafinai a kansu, shi ya sa nake fara gaya musu wannan. Na'urorin sadarwa da na sa ido suna nan, amma kaɗan ne a cikin fayilolin da ke bi ta teburin jami'in sayen kaya. Sunan hukumar ba zan faɗa ba, domin rantsuwar da na yi ba ta ƙare da ritaya ba.

Karatun saye da adana kaya na yi a kwalejin fasaha, na ɗan taɓa aiki a sito na wani kamfani, sannan aka ɗauke ni. Jarrabawar ba ta ba ni wahala ba. Tantancewa ce ta ɗauki watanni. An je garinmu, an zauna da mai unguwa, an leƙa makarantun da na yi, an tambayi ko ina da bashi a kaina. Daga baya na gane dalilin tambayar bashin: wanda bashi ya shaƙe, ga shi yana riƙe da takardun kwangila, shi ne ƙofar da ɗan kwangila ko ɗan leƙen asirin wata ƙasa zai fara ƙwanƙwasawa. Bayan haka aka karanta mana Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, muka sa hannu.

Dokar da ke tafiyar da sayen kayan gwamnatin tarayya ita ce ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu kwanaki kaɗan da hawansa mulki, kuma ita ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnati. Ta ce a tallata kwangila a jarida, a buɗe tanda, wato takardun tayin farashi, a gaban masu nema, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi, kuma idan kuɗin ya haura wani adadi a karɓo takardar amincewa daga BPP. Sai dai sashe na 15 ya cire kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa daga cikin wannan tsari, sai idan shugaban ƙasa ya ba da izini a bi shi. Wannan keɓewa tana da hujja. Ba za ka buga a jarida cewa kana neman na'urar bin diddigin wayar masu garkuwa da mutane ba, har da irin ƙarfinta da inda za a kafa ta. Su ma suna karanta jarida.

Amma a nan ne duk nauyin aikin yake. A ma'aikatar ilimi ko ta lafiya, idan aka yi coge a kwangila akwai ɗan jarida, akwai kamfanin da ya sha kaye zai kai ƙorafi, akwai mai neman bayani ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A wurinmu duk waɗannan idanu babu su. Abin da ya rage shi ne fayil, da mutumin da ya rubuta shi. Saboda haka na ɗauki ɗabi'ar rubuta kowane fayil don wani mai karatu da ban sani ba, odita ko mai bincike da zai buɗe shi bayan shekaru, lokacin da duk waɗanda suka san dalilin sayen sun watse. Wane sashe ne ya nema, me ya sa wannan kamfani ba wancan ba, da me aka gwada farashin, wa ya karɓi kayan ya ƙirga. Ko da kamfani ɗaya tak ke ƙera abin a duniya, sai na rubuta hakan da yadda na tabbatar. Ana iya ɓoye wa jama'a abin da aka saya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, odita mai izinin gani dole ya ga farashi da rasit.

Kuma keɓewar nan ta kayan musamman ce. Man janareta da fentin ofis ba sa cikinta, ko da an buga wa fayil ɗinsu jan hatimi. Na ga yadda hatimin sirri ke yaɗuwa daga abin da ya cancanta zuwa abin da bai cancanta ba, sau da yawa ba don mugun nufi ba, don gudun jinkiri ne kawai.

Wata rana wani babba a kaina ya kira ni da yamma ya ce a biya wani kamfani kafin wayewar gari, aikin gaggawa ne, rayuka na ciki. Na yarda da shi, har yau na yarda gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan kwana a ofis a yi shi. Layi biyu kawai nake roƙo da sa hannunka." Ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce, "Na yarda, ranka ya daɗe. Wanda zai gaji kujerarka ne bai san ka ba." Ya ja takarda ya rubuta. An biya kafin asuba, aikin bai yi jinkiri ba. Dokar 2007 ta tanadi aƙalla shekara 5 a gidan yari ba tare da zaɓin tara ba ga jami'in da ya karya ta, da kora daga aiki, kuma wanda sunansa ke jikin bauca shi ake fara nema.

Duk wanda ya yi wannan aiki a Najeriya ya san shekarar 2015. A lokacin ne aka fara binciken dala biliyan 2.1 na sayen makamai da suka bi ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka tsare Kanar Sambo Dasuki har zuwa Disamban 2019. A Afrilun 2017 kuma EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi ta Legas, NIA, hukumar leƙen asirin ƙasashen waje ta Najeriya, ta ce kuɗin aikinta ne, kotu ta mallaka wa gwamnati su, aka sallami shugaban hukumar, Ayo Oke. Hukunci na kotu ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, a shekarun da ake taƙaddama kan waɗancan biliyoyin, yaranmu na fagen fama a Borno suna kukan rashin kayan aiki.

Akwai wani ɓangare da jami'in sayen kaya na sauran ma'aikatu bai cika damuwa da shi ba, wato wane ne ainihin mai kamfanin da kake saya a hannunsa. A Fabrairun 2020 ta fito fili cewa Crypto AG, kamfanin Suwizalan da ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, ya kasance mallakar hukumomin leƙen asirin CIA ta Amurka da BND ta Jamus a asirce daga 1970, kafin BND ta janye a 1993, CIA kuma ta sayar da shi a 2018. Ƙasashe sun biya kuɗinsu sun sayi na'urar da aka raunana don a karanta saƙonsu. Kowace ɗaya ta bi ta hannun wani jami'i irina, wanda ya duba farashi da inganci ya ga komai daidai. Shi ya sa takardun CAC mai rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji, da ta PenCom mai kula da fansho, da ta ITF, asusun horar da ma'aikata, mafari ne kawai a wurinmu. Sai an bi su wane ne daraktoci, su wa ke bayansu, daga wace masana'anta kayan suka fito, hannu nawa suka ratsa kafin su iso, kuma wa zai riƙa shigowa gininmu da sunan gyara. Kayan da ake sa wa ido kuwa ba sa shigowa ƙasa sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba da shawara kan tsaro.

Sabbin ma'aikata sukan ɗauka sa hannu a kwangila shi ne ƙarshen aiki. Rabin shekaruna a abin da ke biyo baya na yi su. Na gaji wata na'ura mai tsada da ke zaune ƙura na hawanta, lafiyarta lau, amma lasisin manhajarta ya ƙare kuma babu wanda ya sa sabuntawa a kasafi. Tun daga nan ba na barin kwangilar fasaha ta wuce sai na ga kuɗin lasisi na shekaru masu zuwa, da kayan gyara, da horar da mutanenmu, da garanti, da abin da zai faru da bayananmu idan muka rabu da kamfanin. Sai maganar canji. A Yunin 2016 dala ta tashi daga naira 197 zuwa sama da 280 a farashin hukuma, kuma duk kwangilar shigo da kaya da ba ta faɗi wanda zai ɗauki asarar canji ba ta koma rigima. Kuɗin fara aiki ma ban taɓa sakinsa ba sai da takardar lamunin banki a hannu.

A gida akwai nasa nauyin. Dangi sun san kana inda ake raba kwangila, ba su san iyakarka ba, kai kuma ba ka da ikon yi musu bayani. Gwaggona ta taɓa ce mini, "Ɗana, ƙanenka na zaune ba aiki, kai kuma kana kan tulin arziki." Na ba ta haƙuri, na taimaka masa daga albashina gwargwadon hali. Ragon sallah na ɗan kwangila kuwa a ranar nake mayarwa, in kuma sanar da sashen tsaron cikin gida a rubuce, domin wanda ya aiko shi ya rubuta a nasa littafin.

Ga mai sha'awar shiga, hukumomin leƙen asirin uku ne tun 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO ta kafa SSS da aka fi sani da DSS, da NIA, da DIA ta ɓangaren soja. Masu karatun akanta, shari'a, injiniya da kimiyyar kwamfuta duk suna da gurbi, kuma wanda ya haɗa fasaha da sanin kwangila ya fi kowa daraja, don yana iya gane lokacin da mai sayarwa ke lulluɓe shi da turanci. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi suna da cibiyoyin koyar da sayen kayan gwamnati. Ka kuma nemi shaidar ƙwarewa daga cibiyar masana sayen kaya, CIPSMN ta gida ko CIPS ta Ingila, tun kana ciki. Ranar da ka fito neman aiki a banki ko ƙungiyar agaji, ba za ka iya lissafa ko kwangila ɗaya da ka gudanar ba, kuma tsohon ofishinka iyakar abin da zai tabbatar shi ne matsayinka da shekarun da ka yi.