Maruru a cikin jijiya

Laraba. Yau ma sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya yarda ya shiga Keke Napep. Wai shi garau yake, nauyin ƙirjin nan sai in ya taka zuwa fadama duba shinkafa, da ya zauna minti biyar ya wuce. Mun hau layi ƙarfe bakwai, ba mu ga likita ba sai sha ɗaya da rabi. Zafin Birnin Kebbi kuwa ba a magana.

An yi masa awon zuciya na ECG, aka ɗebi jini. Hawan jini 150 bisa 95, kitsen jinin da ake ce wa LDL shi ma ya ɗaga. Likita yana cikin rubuta magani bakina ya suɓuce, na yi tambayar da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce, "Likita, Kawu fa wata biyu kafin rasuwarsa aka yi masa irin wannan awon, aka ce babu komai. Ya dawo daga sallar Asuba ya yanke jiki ya faɗi a zaure."

Ya ajiye biro, ya sake ɗauka, ya juya bayan takarda ya zana jijiya. Ya ce kitsen nan ba cikin hanyar jini yake taruwa kamar laka a kwata ba, cikin bangon jijiyar yake shiga ya kumbura. Wani yakan daɗe ya yi tauri, ya matse hanya, sai mutum ya riƙa jin ciwo in ya yi tafiya, irin na Baba. Wani kuma kamar maruru ne, cikinsa kitse mai laushi, fatar da ta rufe shi ƙasa da maikiron 65, da ƙyar ta kai kaurin silin gashi. Sau da yawa ko rabin hanyar bai tare ba, jini na wucewa, mutum na harkokinsa, ECG ba ya nuna komai. Ranar da fatar ta tsage sai jini ya yi guda a wurin, hanya ta toshe cikin mintoci.

Na ce to a duba na Baba mana. Ya yi ɗan murmushi. Akwai hoton CT na jijiyoyin zuciya da ke nuna mai tauri da mai laushi, akwai kuma siririyar waya da ake zurawa ta jijiyar hannu har zuciya, ta haska bangon daga ciki, a ga kaurin fatar. Ya ce wannan ta biyun sai manyan cibiyoyin zuciya, kuma ko an ga marurun, babu mai iya cewa ga ranar da zai fashe. Abin da ke hannunmu shi ne shan maganin atobastatin kullum. Yana rage kitsen, a hankali fatar ta ƙara kauri.

Baba ya ce, "To, likita, mi ya rage? Kwana in ya ƙare ai ya ƙare." Likita ya ce, "Haka ne Alhaji, amma ka sha maganin." Har ni sai da na yi dariya.

Dariyar ba ta kai ni gida ba. Tun a hanya nake tuna Kawu, yadda yake ɗaga buhu shi kaɗai yana yi wa Baba tsiya wai ya tsufa. Shi ne muke nunawa in ana maganar lafiya. Baba mai ƙorafin ƙirji ashe shi aka yi wa sallama, Kawu ko ƙwanƙwasa ƙofa ba a yi masa ba.

Inna ta ɓoye kwalbar man shanu a bayan buhun gero. Auta ya riga ya gano wurin.

Ba wuta tun la'asar. Ɗazu ina taje kai da hasken waya sili ɗaya ya maƙale a matajin, na ciro shi ina ta jujjuyawa, har Yaya ta leƙo ta ce lafiya? Na ce mata ƙalau.