Wasiƙa daga Jamus: Bakin ƙofar wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna lafiya, sai dai sanyi ya kankama. Tambayarku ɗaya ce kullum: wai me kake yi shekara uku a Jamus? Wasu ma sun ɗauka ƙira na koma, tunda sun ji ina narka zinariya. Labarin azumi da na yi alkawari ma yana tafe.

Taransista nake haɗawa, wato 'yan ƙananan makunnai masu buɗe wa wutar lantarki hanya ko su rufe ta, amma ba irin na silikon da ke cikin wayoyinku ba. Namu na sinadaran kabon ne, irin su pentacene da DNTT, waɗanda ake shimfiɗawa a kan leda mai lanƙwasuwa. Masu binciken Mitsubishi a Japan sun nuna ɗaya daga cikin na farko tun 1986, amma har yau wuri guda ke ba mu wuya: bakin ƙofa, inda ƙarfe ya haɗu da sinadarin.

Komai kyan sinadarinka, in ƙofar ta matse, wuta cinkoso take yi a wurin. Kana rage tsawon hanyar da take bi don na'urar ta ƙara sauri, sai ƙofar ta cinye ribar duka. Zinariya ce ƙarfen da muke sawa a ƙofar domin ba ta tsatsa, kuma ta fi dacewa da waɗannan sinadarai. Muna narka ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, tururinta ya sauka, kaurin nanomita 30 ko 40, ko kusa da silin gashi bai yi ba. Idan ta sauka da zafi a kan sinadarin, takan kutsa ciki ta ɓata shi. Idan kuma aka fara sa ta a ƙasa, sai an jiƙa ta a wani ruwa mai suna PFBT kafin sinadarin ya kwanta mata da kyau. Wallahi akwai makon da ƙura ƙwaya ɗaya ta lalata mini aikin kwana biyar, raina ya ɓaci matuƙa.

Shi ya sa nake ganin ƙimar masu gyaran waya na Farm Centre a Kano, da ke fara goge bakin caja kafin su taɓa batir. Ƙannena masu karanta injiniya, ku riƙa zama kusa da teburinsu.

Azumi kuwa, a hunturu rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar. Sauran sai wasiƙa ta gaba. A gaida su Hajiya.