Wasiƙar 2002 da nauyin da ke wuyan masu bishara

Kiristocin da ake kira Ibanjelika, wato masu bishara, suna alfahari da cewa Littafi Mai Tsarki ne alƙalinsu na ƙarshe a kan kowace magana, kuma a ganina wannan iƙirari ne ke ɗora musu nauyi na musamman idan aka fara kaɗa gangar yaƙi. Wanda ya ce Kalmar Allah tana gaba da maganar masu mulki ba shi da hujjar tsallake Matiyu 5:9, inda Yesu ya sa wa masu yin sulhu albarka ya ce su za a kira 'ya'yan Allah.

Akasarinsu ba su haramta yaƙi ɗungurungum ba, kamar yadda Kiristoci 'yan ɗarikar Menonayit suka yi. Sun gaji koyarwar yaƙin adalci wadda ta samo asali daga Agustin, wani babban malamin Kirista na zamanin da, mai sharuɗɗa sanannu: a samu dalili na gaskiya, hukuma halattacciya ta ba da umarni, a ƙure duk hanyoyin sasantawa, kuma kada ɓarnar ta zarce abin da ake son gyarawa. An shimfiɗa waɗannan sharuɗɗa ne domin su zama linzami a bakin masu mulki, amma abin takaici, sau da yawa hatimin amincewa ake mayar da su.

A watan Oktoba na 2002, Richard Land na cocin Baftis ta Amurka da ake kira Southern Baptist, tare da wasu jagororin masu bishara huɗu, ciki har da Chuck Colson da Bill Bright, sun aika wa Shugaba George W. Bush wasiƙa suna tabbatar masa cewa far wa Iraƙi ya cika sharuɗɗan yaƙin adalci. A watan Maris na 2003, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda shi ma ɗan Baftis ne kuma malamin makarantar Lahadi, ya auna maganar da ma'auni iri ɗaya a jaridar New York Times, ya ce sam ba ta cika ba. Ina ganin Carter ne ya yi wa koyarwar adalci, domin a lokacin masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya suna kan aikinsu a Iraƙi, don haka ba yadda za a yi a ce an ƙure hanyar lalama.

Ba a samu makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su ba. 'Yan Iraƙi dubban ɗaruruwa sun rasa rayukansu, galibinsu Musulmi, kuma jininsu daidai yake da na kowa a gaban Allah. Kiristocin ƙasar, waɗanda aka ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya kafin yaƙin, yawancinsu sun watse a duniya. A 2014 mayaƙan ISIS suka bi gidajen Kiristocin Mosul suna shafa harafin "nun" a bango, alamar Nasara, suka kore su daga garin da kakanninsu suka yi ƙarnuka suna sujada a cikinsa.

Addu'a da kayan agaji bayan an gama ɓarna suna da amfani, sai dai aikin mai sulhu yana farawa ne tun ana gardama, lokacin da har yanzu kunnen shugaba yana jin magana. Masu bishara suna da ƙuri'u masu yawa a Amurka, suna da kafafen watsa labarai, suna kuma da 'yan'uwa a kusan kowace ƙasa waɗanda za a iya tambayarsu abin da yaƙi zai jawo musu kafin a sa hannu a kan wata wasiƙa. Yin hakan yana da tsada. A 1982 shahararren mai wa'azin bishara Billy Graham ya je Mosko taron shugabannin addinai kan haɗarin makaman nukiliya, duk da cewa gwamnatin Shugaba Reagan na Amurka ba ta so tafiyar ba, kuma da ya dawo gida ya sha suka har daga bakin waɗanda suka daɗe suna cika filayen wa'azinsa.