Ni dai in na shiga gari sai na hau sama na kalle shi

Mutane in sun yi tafiya kasuwa suke nema, ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne ina wuri mafi tsayi a garin nan. Dutsen Dala ne ya koya min wannan ɗabi'ar, ka hau da la'asar sakaliya ka ga Kano a shimfiɗe, ga hasumiyoyin babban masallacin cikin gari, ga Goron Dutse can gefe, sai dai in lokacin hunturu ne ka haƙura kawai, hazo ba zai bar ka ka ga komai ba.

Amma gaskiya har yau ban ga kamar hasumiyar masallacin Agadas ba. Ginin ƙasa zalla, tsayinsa wajen mita 27, tun 1515 aka fara gina shi. Matakalar ciki ƙunci gare ta wallahi, a duƙe ake hawa, kafaɗa na gogar bango, rigata duk ta yi jar ƙasa, mai ƙiba kam sai ya yi shawara da kansa tukuna. Kana leƙowa sama sai iska ta buge ka, ga fadar Sarkin Abzin nan kusa, gidajen tsohon gari duk launi ɗaya da ƙasar wurin, can nesa kuma duwatsun Abzin.

Jabalun Nur a Makka shi ma ba baya ba, musamman da dare in fitilu sun kama ana hango dogon benen agogon nan, sai dai hawan akwai cin gwiwa, kar ka yarda ka je da silifas mai santsi ko ba ruwa a hannu.

Kufena ta Zariya ce ta gaba in Allah ya yarda, wa zai raka ni?